Kura da shan bugu? Muhawara kan gilashin Leerdam da sunan da ke gindinsa

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau ba siyasa na kawo ba, ba ƙwallo ba, masu jiran rigima su ɗan sha ruwa. Mako uku ke nan na shiga wani shagon gwanjo a nan Utrecht, ƙasar Holan, neman kujerar yara, sai idona ya faɗa kan wani ɗan tulun gilashi a can ƙasan kanta, tsakanin tsofaffin kofuna. Tsayinsa bai wuce taƙi guda ba, amma da na ɗaga sai da na sa hannu na biyu. Bayansa garau kamar ruwan sama, can cikin tsokarsa kuma shuɗi da kore sun naɗe juna, kamar ka ɗiga shuni a kofin ruwa ka tsayar da shi kafin ya gauraye. Yuro shida aka rubuta. Na biya, na manta da kujerar.

A gida maman Hanifa ta kife shi za ta ɓare takardar farashi, sai ga rubutu an karta da abu mai tsini: Leerdam Serica, wata lamba, sannan F. Meydam. Daga nan na rasa barci. Ashe Leerdam ƙaramin gari ne a bakin kogin Linge, bai kai tafiyar awa ɗaya daga inda nake ba, kuma tun 1765 ake narka gilashi a wurin. Asabar da ta wuce na kwashi iyali muka je. Akwai gidan tarihin gilashi na ƙasa, wanda aka buɗe a 1953 a tsohon gidan wani daraktan masana'antar gilashin garin, akwai kuma rumfar da ake busa gilashi a gaban jama'a.

Ga abin da ya tsaya min a rai. Floris Meydam ɗin nan da sunansa ke gindin tuluna, ba shi ya busa shi ba. Shi zane yake yi, ya tsaya a gefe yana cewa ƙara nan, rage can. Wanda ya sha wuta, ya juya sandar ƙarfe, ya hura da huhunsa, ban ga sunansa a kan nawa ba. Haka maigidansa A.D. Copier ya yi shekara da shekaru. Shi ne nake tambaya: a irin wannan aiki, wa ke da kaya? Mai zane ko mai busa?

Sarkin Zolaya:
Copier kuma? Wallahi na zaci injin fotokwafi za ka tallata mana. Allah ya ba maman Hanifa haƙuri, an aike ka sayen kujera ka dawo da kwalba.

Baban Hanifa:
Kopiir ake faɗa, Sarki. Kujera kuwa an saye ta washegari, har da tara.

Injiniya Kaduna:
Wa alaikumus salam. Ni ban ga abin muhawara a nan ba. Mai zane ke da kaya. In aka gina masallaci mai kyau, sunan wanda ya zana shi ake ambata, ba na birkila ba, kuma ba raini ba ne. Kafin masu zane su shigo, masana'antar Leerdam kwaikwayon kayan wasu ƙasashe take yi, mabusan kuwa suna nan da huhunsu da gwanintarsu, amma ba wanda ya san su a duniya. Abin ya canja ne da zuwan P.M. Cochius, wanda ya zama darakta a 1912. Mutumin yana da aƙidar cewa talaka ma ya cancanci ya sha ruwa a kofi mai kyau, don haka ya je ya nemo manyan masu zanen gine-gine, K.P.C. de Bazel da H.P. Berlage, ya ce su zana masa kofuna da farantai. Har Frank Lloyd Wright na Amurka sai da ya tuntuɓa a ƙarshen shekarun 1920, kodayake wannan cinikin bai yi nisa ba. Hannuwan nan dai su ne na jiya, kan da ke ba da umarni ne ya sauya, sai ga Leerdam a bakin duniya. Me ya rage a faɗa?

Hajiya Mai Atamfa:
Injiniya, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan. Amma bari in ba ku dariya. Shekarata ashirin da ɗoriya ina sayar da atamfa a Kwari, kuma 'yar Holan ita ce sarauniyar shago. Vlisco suna buga ta a garin Helmond, kamfanin tun 1846 yake. Ban taɓa jin mai saye ta tambaye ni wa ya zana furen da ke jikin turmi ba, ni ma ban sani ba. A gefen zanen sunan kamfani ne da lamba, shi ke nan. Sunan da atamfa ke tashe da shi ma mu 'yan kasuwa da mata masu ɗaurawa muke raɗa mata. Ka ga a can mai zanen ma an shafe shi. Don haka su Meydam su gode wa Allah an bar su sun karta nasu.

Baban Hanifa:
Hajiya, ranki ya daɗe, kin kawo wani gefen da ban duba ba. Su ma kofunan yau da kullum na Leerdam haka suke, mutane suna shan ruwa da su ba su san na wane ne ba.

Bahaushen Bida:
Ni a Bida na tashi, kuma duk wanda ya san unguwar Masaga zai ji tambayar nan wani iri. Can babu wani mai zane dabam. Mutum ne zaune a gaban murhun da aka haƙa a ƙasa, yaro na zuga masa wuta, ya narka fasassun kwalabe, ya naɗo narkakken a bakin ƙarfe, ya juya, ya buɗa, sai ga ƙarau ko dutsen wuya. Kan da ya yi tunanin kalar shi ke da hannun da ya ƙone. Kuma ba ya sa suna, unguwar ce ke da suna, a ce wannan aikin Masaga ne. A da ma da kansu suke dafa gilashinsu daga yashi da kanwa, wani baƙi wulik da suke kira bikini. Sarkin Zolaya, kada ka fara. A 2021 UNESCO ta sa Bida cikin biranen da suka yi fice a sana'ar hannu. Abin da nake so in ce, raba kai da hannu ɗin nan ba dokar gilashi ba ce, tsarin masana'anta ne na Turawa.

Sarkin Zolaya:
Na yi shiru, amma Allah ya ga zuciyata.

Ɗalibar Zariya:
Sannunku iyayena da yayyena. Ni fannin gilashi nake karanta a ABU, don haka ku yi min afuwa in na tsawaita. Injiniya, da girmamawa, misalin birkila bai zauna ba. Bulo yana jira. Ka ajiye shi yau, ka dawo gobe, yana nan yadda ka bar shi, kuma mai zane zai iya auna shi da tef ya ce a rushe. Gilashi ba ya jiran kowa. Ana narka shi a zafin da ya kai wajen digiri 1,400, a yi aikinsa yana wajen 1,100, kuma daga fitowarsa daga tanderu yake fara daskarewa. Mabushi na da 'yan daƙiƙu ne ya yanke shawara: ya hura yanzu ko ya mayar wuta, ya karkata sandar ko ya miƙe ta. Wannan ba ya rubutuwa a takarda.

Kuma a Leerdam kaya kashi uku ne, bai kamata a haɗa su a hukunci ɗaya ba. Akwai na kasuwa, wanda ake hurawa cikin ma'auni na katako ko na ƙarfe, dubbai iri ɗaya. A nan na yarda da Injiniya, mai zane ne sarki. Akwai Serica, irin na Baban Hanifa, wato ana yin adadi kaɗan na fasali ɗaya da hannu, kowanne ya ɗan bambanta da ɗan'uwansa. Sai Unica, wanda Copier ya fara a 1923, guda ɗaya tak, ba na biyu, ana karta masa lamba da harafin da ke nuna shekara. Unica a bakin tanderu ake haihuwarsa, mai zane na tsaye, mabushi na zaune a benci, suna magana da ido da hannu. A irin wannan wa zai rantse ya ce kashi kaza na wane ne?

Bari in ba da misali ɗaya da nake so. Copier na da wani tulu da ake kira tulun ƙusa. Ana tura narkakken gilashi cikin ma'aunin da aka jera wa ƙusoshi, su huda masa ƙananan ramuka a jere, sannan a sake tsoma shi a lulluɓe da wani gilashin garau. Iskar da ke cikin kowane rami sai ta maƙale, ta zama ɗan ƙwallon azurfa. Da aka hura tulun ya buɗe, sai ƙwallayen su baje a layi kamar an shuka gero. Dabarar ta mai zane ce. Amma in mabushi ya bar shi ya yi zafi da yawa ramukan su rufe, in ya hura da ƙarfi layin ya karkace.

Injiniya Kaduna:
Ƙanwata, Allah ya ƙara basira, na karɓi gyaran bulo. Amma ki lura, misalinki ma ni ya taimaka. Kin ce in mabushi ya yi kuskure abu ya lalace. Wato aikinsa shi ne kada ya ɓata. Wanda ya kwana yana tunanin ƙusa fa?

Ɗalibar Zariya:
Yaya Injiniya, wanda ya kwana yana tunanin ƙusa a cikin masana'antar ya girma. An haifi Copier a Leerdam a 1901, mahaifinsa ma'aikacin wurin ne a sashen yi wa gilashi ado da ruwan asid, shi ma yana yaro ɗan shekara goma sha uku ya shiga. Cochius ne ya ga hazaƙarsa ya tura shi karatu. Meydam ma ɗan garin ne, haihuwar 1919, ya shiga masana'antar a 1935. Ba baƙi ba ne da suka zo da takarda daga birni. Tunanin ƙusa ba ya zuwa wa wanda bai yi shekaru yana kallon hannun mabusa ba. Shi ya sa zanen manyan masu gine-ginen nan ya fi zama a kan kayan ma'auni, abin da ya shafi wasa da wuta kuwa sai 'yan gida.

Baban Hanifa:
Bari in faɗa muku abin da idona ya gani ranar Asabar, don gani ya kori ji. Mutum biyu ne a rumfar. Babban ya zura sandar ƙarfe mai rami, tsawonta ya kusa kai ƙirjina, cikin bakin tanderu, ya naɗo wani abu ja kamar zumar da ta kama wuta. Tun daga nan sandar ba ta daina juyawa ba, ko yana tafiya, ko yana magana, yatsunsa na murza ta. In ya tsaya daƙiƙa ɗaya abin zai zubo ƙasa kamar koko. Ya zauna a benci ya ɗora sandar a kan hannuwan bencin, ya ɗauko, ku ji fa, tsohuwar jarida da aka ninka aka jiƙa da ruwa. Da ita ya tallabi wutar nan a tafin hannunsa yana sulmiya ta. Hayaƙi na tashi, takardar na ƙauri, shi ko a jikinsa. Busar ma da nake zaton sai an kumbura kumatu kamar mai kakaki, ashe ɗan huci ne kaɗan, ya toshe bakin sandar da babban yatsa, iskar ta faɗaɗa da kanta saboda zafi.

Da suka gama, mataimakin ya kawo wata sandar ya manna a gindi, babban ya ɗiga ruwa a wuya, ya ɗan ƙwanƙwasa, tulun ya rabu da sandar farko ya koma ta biyu. Hanifa ta ƙwala ihu ta zaci ya faɗi. Sannan aka kai shi wani tanderun mai wajen digiri 500 ya kwana yana hucewa sannu a hankali, don in ya huce da sauri zai tarwatse da kansa. Na dawo gida na kife nawa na shafa gindinsa, ga wurin da aka goge tabon sandar nan sumul. Sai na ji kamar na taɓa hannun mutumin da ban san sunansa ba.

Abu Ammar:
Jama'a ina bin ku a hankali. Amma akwai abin da ba a faɗa ba. Na duba sunan Copier ɗin nan, abin da ya fi shahara da shi kofin giya ne. Ya kamata a faɗa wa mutane gaskiya kafin kowa ya fara yabo.

Baban Hanifa:
Gaskiya ne Malam, ba a ɓoye ba. Sunansa Gilde, ya zana shi a 1930 tare da ƙungiyar dillalan giyar inabi ta ƙasar, kuma har yau ana yin sa. Kofi ne mara ado ko ɗaya, mai ƙafa, cikinsa ya buɗe bakinsa ya ɗan tsuke. Irinsa ne ake jera mana a wurin biki a zuba lemo, har a ɗaura masa tishu. Ni tulun fure na saya, kuma fure ne a ciki.

Abu Ammar:
To madalla. Ni dai na fita haƙƙi. Hukuncin amfani da irin kofin kuwa a tambayi malamai, ba a nan ba.

Ɗalibar Zariya:
Malam ya tuna min wani abu da ya shafi lafiya. Yawancin kayan nan masu nauyi da ƙyalli kiristal ne, wato an sa musu dalma. A ƙa'idar Turai sai sinadarin dalma ya kai kashi 24 cikin 100 ake kiran gilashi kiristal mai dalma. Ita ke ba shi nauyin da Baban Hanifa ya ji, ita ke sa shi ƙara kamar ƙararrawa in ka ɗan buga. Amma abu mai tsami yana jawo dalmar. Kada wata ta samu tsohuwar butar kiristal a gwanjo ta zuba zoɓo ko tsamiya ta bari ya kwana a firji. A sha a take ba laifi sosai, ajiya ce matsala. Kuma kada a wanke da tafasasshen ruwa, mai kauri ya fi saurin tsagewa.

Na Damagaram:
Salamu alaikum. Ni na ji an ce wasu tsofaffin gilasan Turai masu ruwan ɗorawa da tsanwa har yuraniyom ake sa musu, in an haska su da wata fitila su yi ta walƙiya cikin duhu. In haka ne, a duba mana, kar dai arzikin Arlit, garin yuraniyom na Nijar, ne ke kan kantar Baban Hanifa.

Ɗalibar Zariya:
Gaskiya ne ana sa shi kaɗan don launi, kuma yana haske kore a ƙarƙashin fitilar da ake duba jabun kuɗi da ita. Amma Baba, wannan yayin ya girmi Arlit, can sai 1971 aka fara haƙa. Wannan karon ba ku bin su bashi.

Na Damagaram:
To, wannan karon kawai.

Tsohon Hedimasta:
'Ya'yana, kun yi ta magana kan mai zane da mai busa kamar su masu zanen kansu a haɗe yake. Akwai wani Chris Lebeau da ya yi wa Leerdam zane a tsakiyar shekarun 1920. Gwani ne na gaske, ya yi aikin rini irin na batik, Hajiya ki ji, ya zana kan sarki na gidan waya mai hoton kurciya wanda 'yan Holan suka daɗe suna liƙawa a wasiƙa. Bai jima a Leerdam ba suka ɓata da masu masana'antar, ya tattara ya tafi yankin Bohemiya, a ƙasar Cek ta yau, ya ci gaba da gilashinsa a masana'antar Moser. Mutum ne mai taurin kai a kan aƙida. Lokacin da Jamus ta mamaye Holan ya yi amfani da gwanintar hannunsa wajen taimakon Yahudawan da ake farauta, aka kama shi, ya rasu a sansanin fursunoni na Dachau a Jamus a 1945. Na kawo shi ne don ku san cewa ko a tsakanin masu sa hannun, wanda ya zauna lafiya da masana'anta shi ne sunansa ya cika kanta. Copier ya zauna har 1971.

Hajiya Mai Atamfa:
Allah sarki. Baba, wannan ya taɓa ni. Mai rini kuma.

Injiniya Kaduna:
Baba Hedimasta ya gama magana a kan wannan. Amma bari in tsokano wata. Duk wannan yabon, gilashin Holan na shekarun 1950 da 1960 ba ya sahun gaba. In ana maganar wancan zamani, Murano ta Italiya ake fara ambata da su Venini, sai Finlan da su Tapio Wirkkala da Timo Sarpaneva, sai Orrefors da Kosta na Suwidin. Dubi tulun Baban Hanifa da kyau: launi a nutse cikin gilashi garau mai kauri, ai wannan salon Italiyawa da mutanen arewacin Turai sun yi shi. Shi ya sa ake tsintar Meydam a yuro shida.

Baban Hanifa:
Injiniya, yuro shida tsintuwa ce, mai shagon ne bai kifa shi ba. Je ka wurin masu gwanjon kayan tarihi ka tambayi Unica ka ji. Amma na yarda ba su kai Murano tashe ba, kuma ina ganin halin mutanen ne. Suna da wata magana da kowane yaro ya sani a nan, ma'anarta ka yi abinka daidai wa daida, hakan ma haukan ya isa. Ka shiga gidan attajirinsu ka ga kujerun da ba su fi naka ba. Gilashinsu ma haka yake. Na Murano yana kiranka tun daga bakin ƙofa, na Leerdam sai ka zauna kusa da shi rana ta faɗo ta taga. Inda suke sakin jiki kawai shi ne ruwan lemo, launin gidan sarautarsu. In an yi haihuwa a fada ko wani babban abin murna na ƙasa, sai Leerdam ta fitar da ƙananan tuluna masu ruwan lemo. Na ga jerinsu a gidan tarihin.

Kuma ba Leerdam kaɗai ba ce. A kudu, a Maastricht, akwai Kristalunie da aka kafa a 1925. W.J. Rozendaal ya yi musu zane kafin yaƙi, bayan yaƙi kuma Max Verboeket. Shi nasa ya fi rawar kai, ana jan gilashin yana da zafi ya yi kunnuwa da harsuna, launi na gudu a ciki kamar jijiya. Nasa ne ya fi yawa a shagunan gwanjo a nan.

Sarkin Zolaya:
Ka ji mutumin da mako uku da suka wuce bai san bambancin gilashi da tangaran ba.

Ɗalibar Zariya:
Ku bar ni in dawo da mu kan tambayar farko, don su 'yan Holan ɗin da kansu abin ya dame su. A 1940 Copier ya buɗe makarantar gilashi a Leerdam. Cikin malamanta akwai Sybren Valkema, cikin ɗalibanta akwai Willem Heesen. Dukansu sun yi wa masana'antar zane a tsarin nan na tsaya a gefe ka ba da umarni. A 1964 Valkema ya je wani taron masu sana'ar hannu a New York, ya ga Harvey Littleton, wani Ba'amurke mai aikin gilashi, da abokan aikinsa sun haɗa ɗan ƙaramin tanderu wanda mutum ɗaya zai iya aiki da shi ba sai da masana'anta ba. Ya dawo ya gina irinsa a Amstadam a 1965, a makarantar zane da ake kira Gerrit Rietveld, daga baya a 1969 ya zama sashe sosai. Ya raɗa wa abin suna Vrij Glas, wato 'yantaccen gilashi. 'Yanci daga wa? Daga masana'anta, daga wannan rabon na kai da hannu. Heesen kuma, bayan ya kai babban mai zane a Leerdam, ya ajiye a 1977 ya buɗe tasa rumfar, De Oude Horn, a wani tsohon gidan injin ruwa a Acquoy kusa da garin, ya koyi riƙe sandar da kansa. Ɗansa Bernard ya gaje shi.

Bahaushen Bida:
Wato sun sha dogon zagaye, sun haye teku sun dawo, sannan suka iso inda Masaga take zaune tun kaka da kakanni.

Injiniya Kaduna:
Ka ji ka. To amma a faɗi gaskiya, kayan farko na masu 'yancin nan duk karkatattu ne masu kauri kamar tuwon da bai tuƙu ba. Mai zane ya ɗauki sanda yana ɗan shekara arba'in ko hamsin, ina zai kamo wanda ya fara tun yana yaro? An samu 'yanci, an rasa gwaninta.

Ɗalibar Zariya:
Wannan kam ban musa ba, kuma Copier ma bai bi su ta nan ba. Bayan ya bar masana'anta, yana tsoho ya shiga yawo wurin gwanayen mabusa: rumfar Heesen, Suwidin, Amurka, ƙasar Cek, da Murano. A Murano ya yi aiki da Lino Tagliapietra a farkon shekarun 1980, yana ɗan shekara tamanin. Lino ya zama cikakken gwani tun yana da shekara 21, amma a lokacin ma'aikacin masana'anta ne mai aiwatar da zanen wasu. Shi da bakinsa yana ambaton Copier cikin waɗanda suka sa ya fara kallon aikinsa a matsayin fasaha tasa ta kansa. Yau sunan Lino ya fi na Copier tsada a kasuwar duniya. Kuma kayan da suka yi tare, da sunayen su biyu ake sayar da su. Copier ya rasu a 1991. Hatta tsofaffin Unica na Leerdam, masu tara su yanzu suna bin diddigin wanda ya busa, za ka ga an rubuta Meydam ya zana, Leen van der Linden ya aiwatar.

Injiniya Kaduna:
To a rubuta biyun, ban hana ba. Amma na mai zane a sama.

Hajiya Mai Atamfa:
Injiniya ba ya faɗuwa ƙasa sai dai a ce ya zame. Baban Hanifa, ni duk wannan bai dame ni ba. Ina da 'ya da za a kai ɗaki bayan babbar Sallah, kuma shogilas ɗinta na neman abin da ba kowa ke da shi ba. In ka sake shiga shagon nan ka kifa min duk abin da ka gani mai nauyi. Mai ruwan lemon nake so.

Baban Hanifa:
An gama Hajiya, sai dai ki yi addu'a ya iso Kano da ransa, kin san yadda ake jifa da akwatuna a filin jirgi. Zan naɗe shi cikin atamfa, in ya so ki biya kuɗin biyun.

Sarkin Zolaya:
Tulun yana ina yanzu?

Baban Hanifa:
An ɗauke shi daga tebur. Jiya na tarar Hanifa ta cika shi da ruwa ta saka cokali tana neman kamo shuɗin da ke ciki. Yanzu yana saman firji, bayan gwangwanin madara.